Hannu Mai Kanta

Yayata ko ƙwai ba ta iya dafawa ba, amma ludaya arba'in ne jere a bangon falonta. Tsofaffin kayan girki take tarawa: tukwanen ƙarfe, butocin shayi na tagulla, dutsen guga na gawayi, da ƙyallayen tebur masu ɗinkin hannu da take ninkewa a kabad mai gilashi. Baƙi su yi ta yabawa, ita kuma tana hura hanci kamar ita ta ƙera su. Ni da na shekara goma sha takwas ina girki a kicin ɗin asibiti, ba ta yarda in taɓa ko ƙyalle ɗaya. Wai hannuna da kaushi, zai ja zare.

Ran nan da yamma, na taso daga aiki ke nan, ta yi min hon a ƙofar gida.

"Zo ki raka ni, ki ɗauko min kaya," in ji ta. "Dillali ya ce akwai wata tsohuwa a bayan tashar jirgin ƙasa, ɗakinta cike. Irinsu ba su san darajar abin da suke zaune a kai ba."

Da na sani, da na ce kaina ke ciwo.

Rana ta kusa faɗuwa muka isa. Gidan shi ne na ƙarshe a lungun, sauran duk sun rushe. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin albasa a mai. Na ɗaga kai, babu hayaƙi ko kaɗan.

Tsohuwar na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ƙarama, hannuwanta cikin mayafi. Na durƙusa na gaishe ta. Yaya kuwa ta wuce ta kamar ta wuce turmi, ta hau bincike. Ta ɗaga tasa, ta ƙwanƙwasa buta, ta zaro wani farin ƙyallen tebur mai furanni shuɗi. Na ga idonta ya yi ƙyalli, amma ta taɓe baki.

"Kaka, wannan tarkacen ai sai bola. Taimakonki zan yi in kwashe."

Tsohuwar ta dube ta tun daga takalmi har ɗankwali.

"Me kike dafawa da su?"

"Dafawa?" Yaya ta yi dariya. "Tarawa nake, don kallo."

"Don kallo," tsohuwar ta maimaita, kamar ta tauna tsakuwa. "Ni ma ina tari. Amma nawa suna aiki."

Sai a lokacin na lura da ƙarar. Daga bayan wani labule take fitowa. Ƙwal, ƙwal, wuƙa a kan katako. Shuu, shuu, rariya. Ludayi na kankarar gindin tukunya. Na san amon kicin mai mutum goma. Amma kicin mai mutum goma ba ya rasa tari, ko tsaki, ko gulma. Wannan babu ko numfashi.

"Yaya," na ce a hankali, "mu tafi."

"Ke dai baƙauya ce. Na ciki ne masu kyau."

Da hannunta ta yaye labulen.

Ɗakin dogo ne, ya fi gidan tsawo. Tukwane na tafasa ba wuta a ƙarƙashinsu. Wuƙa na yanka. Allura na shiga ƙyalle tana fita.

Hannuwa ne ke aikin.

Hannuwa kawai, daga wuyan hannu zuwa yatsu. Wani da zobe. Wani da tabon ƙuna. Wani tsoho tukuf, yana rawa, amma bai saki muciya ba.

Suka tsaya cak, gaba ɗaya.

Ban ga sanda tsohuwar ta tashi ba. Na dai gan ta riƙe da hannun Yaya, tana juya shi kamar mai duba tumatir a kasuwa. Ta matsa tafin. Ta shinshina. Ta yi tsaki.

"Laushi kamar lagwani. Ko tsumma bai taɓa matsewa ba. A kyauta ma ba na so."

Ta yar da shi. Ta juyo kaina.

Yatsunta sanyi kamar ƙarfen firji. Ta bi kantar tafina na dama ɗaya bayan ɗaya. Ta shafa inda mai ya taɓa ƙona ni. Ta yi murmushi, bakin ba haƙori, ba harshe.

"Yauwa," ta raɗa. "Wannan fa."

"Yaya!" na ƙwala ihu.

Ƙarar takalminta kawai na ji a lungu. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ƙyallen nan kuwa yana hammatarta.

Tsohuwar ta ja ni. Ƙafata ta taɓa bakin ƙofar ɗakin.

Wuƙar ta bar katako, ta taho.

Wani abu ya kama gefen zanina.

Hannuna na hagu ya faɗa kan wani dutsen guga. Na ɗaga shi, na sauke a kan yatsunta da duk ƙarfin da nake sauke tukunyar mutum ɗari. Wani abu ya karye, kamar busasshen kara. Na fizge. Na bar mata takalmi da mayafi.

A bakin titi na tarar da Yaya cikin mota, ta kulle duk ƙofofi. Sai da na buga gilashi sau uku kafin ta buɗe.

Yatsuna uku na dama ba su sake jin komai ba, ko zafi. Likita ya duba, ya ce lafiyarsu lau. Amma kullum rana ta kusa faɗuwa, sai su kama motsi su kaɗai, kamar masu yanka albasa, sai na danne su a ƙarƙashin cinya. Na roƙi a mayar da ni aikin safe.

Yaya ta kira ni bayan sati biyu. Na ɗauka, ina zaton haƙuri za ta ba ni.

"Kin lura da wata butar tagulla a gefen ƙofa?" ta ce. "Na kasa mantawa da ita. Tunda tsohuwar ta saba da ke, ko za ki koma ki yi min ciniki?"