Kwanson Harsashin Mamaci

Malam Orville Stenvik ya shekara talatin yana koyarwa a ƙauyensu na Alaska, kuma bai taɓa yarda da aikin ganin dama ba. Ko harsashin ƙatuwar libarbarsa da hannunsa yake ɗurawa, ya auna albarushi, ya dasa dalma. Kwanso kawai yake saye, tsofaffi, a shagon Delbert.

Da la'asar sakaliya ya tuƙa kwalekwale ya je ɗauko naman barewar da ya rataye a bakin kogi. Harsashi biyar a bindiga, kowanne na iya kayar da beyar, ƙaton naman dajin nan mai farce.

Yana sauka ya ji dajin shiru. Ko tsuntsu babu.

Sai warin jiƙaƙƙen gashi. Sai ƙaurin albarushi, alhali bai harba komai ba.

Reshe ya karye.

Wani beyar ya miƙe daga cikin ciyayi, ya fi ƙofa tsawo. Hujin harsashi biyar a ƙirjinsa. Babu jini.

Orville ya zaro bindiga. Wani hannu mai sanyi ya dafa nasa.

"Kar ka wahala, Malam," aka raɗa masa a kunne. "Ni ma duka biyar na harba."

Ya ja kunama. Ƙas.

Ya sake ja. Ƙas.

Ya buɗe bindigar. Kwanso biyar, duk fanko, suna hayaƙi.

Bai san yadda ya faɗa kwalekwale ba. Farcen beyar ya kankare gefen jirgin, amma ruwa ya ja jirgin ya tsira.

Washegari ya doki teburin Delbert. "Kwanson wa ka sayar mini, marar mutunci?"

Delbert ya sunkuyar da kai. "Na marigayi Lyle ne, wanda beyar ya kashe. A gefen gawarsa aka tsince su bara."

"Kowa ya san kwanson wanda daji ya ci a kogi ake zubarwa!"

"Haba Malam, ba kai ka koya mana a aji cewa camfi ne ba?"

Orville ya rubuta wa majalisar ƙauye wasiƙa uku, yana neman Delbert ya ba shi haƙuri a bainar jama'a. Har yau ba amsa.

Kwanson kuwa ya kai su kogi da kansa. Huɗu suka faɗa ruwa. Na biyar ya ƙi fita daga bindigar, kuma duk sanyin Alaska, har yanzu da ɗuminsa.