Famfon Feshi da Maraƙin Baballe

An yi wani yaro ɗan aji biyu a wata sakandare kusa da Bunkure. Shekara guda ana koya musu darasin kula da muhalli. Ran nan sai ga Malama Nafisat, jami'ar ilimi daga Kano, ta zo ta ga ko darasin ya shiga.

Ta raba musu takardar tambayoyi. Tambaya ta biyar ta ce, "A ina kuke wanke famfon feshi?"

Da safiyar nan Baba ya fesa wa tumatir magani, ya ba shi famfon ya wanke. Gudun makara ya sa ya ɗauraye shi a kududdufin bakin gona.

Ya ciji biro, ya rubuta, "A rami, nesa da ruwa."

Shi ya zo na ɗaya. Aka yi masa tafi.

Malama ta ce, "Madalla! Gobe za mu je gonarku mu ga ramin."

Tun daga nan zama ya gagare shi. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa taga. Ana tashi ya kwasa a guje, wai ya haƙa rami kafin gobe.

A bakin kududdufin ya tarar da maƙwabcinsu, Baballe makiyayi. Maraƙinsa na kwance, baki na kumfa.

Baballe ya ce, "Nan ya sha ruwa ɗazu. Na rasa abin da ya same shi."

Yaron ya fashe da kuka. "Kawu, ni ne. Maganin feshi ne."

"Maza kawo kwalbar maganin!"

Suka kira likitan dabbobi, ya duba kwalbar, ya yi wa maraƙin allura. Kafin magariba ya miƙe.

Washegari yaron ya tsaya gaban aji. "Malama, ƙarya na rubuta. Ba mu da rami."

Malama ta ce, "Da ka yi shiru, da na koma na ce komai lafiya. Yanzu na gane darasin nan ya tsaya a allo. Dole a kai shi gona."

Ranar duk ajin suka tafi da fartanya. Baba da Baballe suka taya su haƙa, ana ta raha.

Ilimin da ba a aiki da shi, ba ya hana ɓarna. Kuma faɗar gaskiya da wuri tana ceton rai.