Wa Ya Amsa Sallamar?

Abin ya fara ne ranar Asabar, ashirin da tara ga watan Mayu, shekarar 1999, da ƙarfe tara da rabi na safe. A ranar ce sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. A wannan safiyar kuma wani uba a unguwar Sheshe ya miƙa wa ɗansa mukullin gida.

Yaron shekararsa goma sha huɗu. Yana aji uku na ƙaramar sakandare. Ba mugun yaro ba ne. Yana dai son abokai su riƙa yabonsa.

Baban ya ce, "Zan je wurin rantsar da sabon gwamna. Ummanku za ta biki Ƙofar Wambai da ƙannenka. Yau kai ne mai gida."

"To, Baba."

"Kada kowa ya wuce soro. Kada kowa ya hau saman rufi. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Akwai dalilin wannan doka. Rufin gidansu a haɗe yake da na maƙwabcinsu, Malam Isyaku mai wankin hula. Gajeren gini ne kawai a tsakani. A can sama tsohon yake shanya hulunan mutane bayan ya wanke ya sa musu sitaci. Tun yaron yana rarrafe ya san shi. Tsohon bai taɓa kiran yaron da sunansa ba. Kullum sai ya ce, "Maƙwabci, an tashi lafiya?"

Da gida ya yi shiru, yaron ya leƙa lungu. Ya kira abokansa uku: Ado, da Nata'ala, da Nazeer. Nata'ala ya zo da rikoda da kaset.

Ado ya shigo yana dariya. Ya ce, "Yau mulkin soja ya ƙare a ƙasa, ya ƙare a gidanku. Babanka ai janar ne!"

Duk suka fashe da dariya. Yaron ma ya yi, ko da yake bai ji daɗin maganar ba.

Suka kunna kiɗa a soro. Ba a daɗe ba aka ji murya a ƙofa.

"Salamu alaikum!"

'Yan ajinsu ne guda biyu. Ado ne ya gaya musu a hanya. Yaron ya ce, "Wa alaikumus salam. Ku shigo."

Can kuma, "Salamu alaikum!"

Wannan karon su biyar ne. Biyu kawai ya sani. Amma ya ji kunyar a ce ya kori baƙi. Ya ce, "Ku shigo."

Haka sallama ta yi ta zuwa. Zuciyarsa tana cewa a'a, bakinsa yana cewa ku shigo. Kafin azahar soro ya cika, an tsallaka tsakar gida. Wani ya gano bokitin zoɓon da Umma ta haɗa saboda baƙin yamma. Aka kwaso kofuna.

Yaron ya ce, "Don Allah ku bar wannan, na Umma ne."

Wani dogon yaro da bai taɓa gani ba ya ce, "Haba mai gida! Rowa a ranar 'yanci?"

Yaron ya ƙyale su.

Nazeer ya ce zafi ya yi yawa a ƙasa. Ya hau matakala. Sauran suka bi shi da kofuna a hannu. Yaron yana bayansu yana cewa, "Baba ya hana." Kiɗa ya fi ƙarfin muryarsa.

A sama suka ga hulunan. An jera su a rana, kowace a kan ɗan gungumen itacenta. Yawancinsu farare ne tas. Malam Isyaku ya tafi masallaci.

Ado ya yi ihu. "Kai jama'a! Ga farar hular da ake faɗa!"

Ya tsallaka ginin, ya ɗauki ɗaya ya kifa a ka. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ne sabon gwamna! Ku rantsar da ni!"

Nan da nan kowa ya zama gwamna. Aka yi ta rawa, ana jifan juna da huluna. Kofuna suka kife. Jan zoɓo ya malala a kan fararen zare. Hula ɗaya ta faɗa lungu, cikin kwata.

Sai aka ji tari daga matakalar ɗaya gidan.

Wurin ya watse kamar an kori kaji. Wasu suka gudu da huluna a kansu. Nata'ala ya manta da rikodarsa tana ta kiɗa ita kaɗai. Yaron ya sunkuya ya kashe ta.

Malam Isyaku bai yi faɗa ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya ɗauki wata hula. Rabinta ya zama ja. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Maƙwabci, ko ɗaya babu tawa a ciki. Amanar mutane ce."

Yaron ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya ce, "Tun kafin a haifi babanka nake wannan aiki. Hular mutum ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Idan mutane suka daina kawo min, ban iya wata sana'a ba."

Da ma dukansa ya yi, da ya fi sauƙi.

Bayan la'asar iyayensa suka dawo. Umma ta ga kofuna a warwatse da bokiti babu komai. Baba ya hau sama ya sauko. Fuskarsa ta canja.

Yaron ya yi sauri ya ce, "Baba, ni mutum uku kawai na kira. Sauran ban san su ba. Ban taɓa hula ko ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma shi kansa ya ji maganar ba ta cika ba.

Baba ya miƙa hannu. "Ba ni mukullin."

Ranar yaron bai iya cin tuwo ba. Umma ta ce, "Ka ci mana." Ya ce ya ƙoshi.

Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Baba ya aika an kira iyayen yaran da aka gane. Aka zube hulunan a tsakiya. Sai ga wani mutum ya jingine kekensa ya yi sallama. Yaron ya ɗaga kai, ya ji kamar ƙasa ta buɗe ya shige. Malam Ɗalha ne, malamin ajinsu. Ya zo karɓar hularsa.

Malam Isyaku ya miƙa masa da hannu biyu. Ita ce mai rabin ja. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Na kasa riƙe amanarka."

Malam Ɗalha ya juya hular. Ya dubi yaran da ke tsugune. Ya cire takalmi ya zauna.

Baban Ado ya fara. "Ni ban ga abin dogon zance ba. Gidan wa aka taru? Zoɓon wa ya zube? Masu gida su ɗauki abinsu."

Baban yaron ya ce, "Alhaji, ɗanka ne ya fara ɗaukar hula."

Ado ya ce, "Nazeer ne ya ce a hau sama!"

Nazeer ya ce, "Ni iska na je sha. Kiɗan Nata'ala ne ya tara mutane."

Nata'ala ya ce, "Rikoda tana da ƙafa ne? Kirana aka yi!"

Sai kawun Nazeer ya gyara zama. Ya ce, "A faɗi gaskiya. Shi ma tsoho da nasa. Ya za ka bar kayan mutane a sama ba mai tsaro? In ƙarfi ya ƙare, a bar sana'a."

Malam Isyaku ya sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, "Haka ne. Wataƙila lokaci ya yi."

Laifin ya zagaya tabarma, ya je ya sauka a kan mutumin da ya tafi salla.

Malam Ɗalha ya ce, "Ku ba ni dama in yi wa ɗalibina tambaya." Ya juya wajen yaron. "Kai, yaran nan ƙofa suka fasa?"

"A'a, Malam."

"Katanga suka haura?"

"A'a."

"To yaya suka shiga?"

"Sallama suka yi."

"Madalla, 'ya'yan mutunci ne ke nan. Wa ya amsa sallamar?"

Yaron ya dubi ƙasa. Ya tuna kowace murya a ƙofa, da abin da bakinsa ya ce.

"Ni ne, Malam."

"Ɗaga murya. Baba Isyaku bai ji ba."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Ni na amsa. Ni na ce su shigo, har waɗanda ban sani ba. Baba ya hana, na ji kunyar korarsu. Malam Isyaku ba shi da laifi. Kullum a nan yake shanya, ba abin da ya taɓa faruwa sai da na buɗe ƙofa."

Malam Ɗalha ya ce, "Ka ɗauki naka. Amma ba duka ne naka ba." Ya dubi Ado. "Gwamna, hannun wa ya ɗauki hula?"

Wasu suka yi dariya. Ado bai yi ba. Ya ce, "Nawa."

"Nazeer, ƙafar wa ta fara hawa?"

"Tawa, Malam."

Baban yaron ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ni ma ina da nawa. Na bar yaro da gida, ban ko gaya wa maƙwabcina ya sa ido ba. Malam Isyaku, ka yafe min."

Baban Ado ya shafa gemu. Ya ce, "To. Ado, tashi. Abin da hannunka ya ɓata, hannunka zai gyara."

Kawun Nazeer ya ce yana da uzuri a kasuwa. Ya tafi bai ƙara cewa komai ba.

Aiki na farko shi ne nemo hulunan da aka gudu da su. Yaron da Ado suka bi gida gida. Yanzu shi ne mai tsayawa a ƙofa yana cewa, "Salamu alaikum." A kowane gida sai ya faɗi abin da ya faru da bakinsa. Kunya ta yi ta kama shi.

A wani gida a bayan masallaci, wata yarinya ƙarama ta amsa daga ciki. Ta ce, "Wa alaikumus salam. Babanmu ba ya nan. Ku jira a waje." Suka jira har ya dawo. Yaron ya yi ta tunani. Ashe ana amsa sallama a ce a jira a waje, kuma ba wanda ya mutu.

Kafin magariba hulunan duka sun dawo, har wadda ta faɗa kwata.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta aka fara wanki. Yara da yawa sun yi alkawarin zuwa. Da suka ga sabulu da buroshi da zafin rana, sai suka riƙa sulalewa ɗaya ɗaya. Wannan ya ce an aike shi. Wancan ya ce cikinsa yana ciwo.

Malam Isyaku ya zauna a kan turmi yana nuna musu. "A hankali, Gwamna. Zare ne, ba ƙasan tukunya ba." Umma ta aiko da lemon tsami. Jan ya riƙa fita kaɗan kaɗan. Yaron ne ya kai wa kowane mai hula tasa, ya ce, "Laifina ne, ba na Malam Isyaku ba." Wasu suka yi masa faɗa. Amma cikin mako sabbin huluna suka sake jeruwa a saman rufi.

Ta Malam Ɗalha ce kaɗai ta ƙi fita. Malamin ya ce, "Kai ta marinar Ƙofar Mata a rina min." Ta dawo shuɗiya mai duhu. Da ita yake zuwa aji. Duk ranar da yaron ya gan ta, sai ya ɗan sunkuyar da kai.

Ranar Juma'a da safe ya ji murya ta bayan katanga. "Maƙwabci, an tashi lafiya?"

Ya amsa da sauri. Baba yana tsaye yana ji. Ya sa hannu a aljihu, ya ciro mukullin ya ba shi.

Ya ce, "Me za ka yi in an sake yin sallama?"

"Zan amsa, Baba. In ce su jira a waje."

Yara, ku riƙe wannan. Idan taro ya yi ɓarna, wanda ya buɗe ƙofa yana da nasa laifin. Wanda ya ɓata da hannunsa yana da nasa. Babban da ya bar gida ba mai sa ido shi ma yana da nasa. Kowa ya ɗauki nasa, kada a ɗora wa wanda aka cuta.

Masu rawa a saman rufin nan suna da yawa, ba a san sunan wasu ba har yau. Ga waɗanda suka tsaya har aka shanya hular ƙarshe:

Ado, wanda har ya girma ana kiransa Gwamna.

Nata'ala, da rikodarsa a kashe.

Nazeer, wanda ya zo ba tare da kawunsa ba.

Malam Isyaku, a kan turminsa.

Da yaron da ya amsa sallama.