Yashi a Kan Dogo

Nuruddeen yana kwance rub da ciki a gefen dogo, ya saita kyamara yana jiran tsohon jirgin ƙasan da ke kwasar kaya daga wani ƙaramin kamfanin fasa dutse a bayan Kazaure, sai wata budurwa ta gifta da kwanon abinci.

"Malama, kin shigar mini hoto."

"Kai ka kwanta a hanyata," in ji ta, ko waiwaye babu.

Shahida ce, 'yar Malam Daudu direban jirgin. Tun ranar Nuruddeen ya kasa zaune ya kasa tsaye. A Roni yake aiki, amma ana tashi sai ya hau babur sai Kazaure, wai hoton Gwaggo zai ɗauka, sunan da ma'aikata suka laƙaba wa jirgin ke nan. Mu dai mun san Gwaggo ba ta amsa waya.

"Hasken idona, yau komai ya yi kyau a bakin dogo, ke ce kawai babu," ya rubuta mata.

"Nurina, ka dai iya bakinka gaban Baba. Yana lura da kai," ta amsa.

Ai kuwa nan ya kwafsa. Shi a tsarinsa ba ya son mutum a hoton jirgi. Ran nan ya durƙusa ya gaida Malam Daudu, sannan ya ce, "Baba, don Allah a ɗan sauko in ɗauki Gwaggo ita kaɗai."

Dattijon da ya shekara talatin a kujerar nan ya sauko. Amma da baffan Nuruddeen ya je neman aure, sai Malam Daudu ya ce masa, "Yaron nan ƙarfe yake gani, ba ya ganin mutum. Ta yaya zai riƙe mini 'ya?"

Ga kuma Musaddiƙ, ɗan aminin Malam Daudu daga Babura, ya fara sintiri a ƙofar gida. Shahida duk ta rame.

"Ina sonka, Allah ya sani, amma ba zan tsallake maganar Baba ba. Ya ce bayan Asabar zai ba su Musaddiƙ amsa," ta rubuta wa Nuruddeen.

Asabar ɗin ce fitar Gwaggo ta ƙarshe, kamfani ya koma aiki da tifa. Nuruddeen ya hau wani dutse da hantsi, zuciyarsa a dagule. Ko ba komai zai samu hoton da ya daɗe yana nema: Gwaggo tana gama hawan tudu, duwatsu a bayanta.

Sai dai an yi yayyafi, dogo ya yi santsi. A tsakiyar tudu ƙafafun jirgin suka fara juyawa a wuri ɗaya. Da can akwai mai tafiya gaba yana barbaɗa yashi a kan dogo don ƙafafun su kama, yanzu an mayar da shi wajen tifa. Taragu cike da dutse suka fara jan Gwaggo baya.

Ta cikin kyamara Nuruddeen ya hango fuskar Malam Daudu, gumi na zuba, bakinsa na addu'a. Ya ajiye kyamarar ya gangaro a guje, ya fizgo bokitin yashi daga gefen jirgin. Ya shiga gaba yana watsawa da hannu, dama da hagu, yana haki. Ƙafafu suka kama. Da ƙyar da jan ciki Gwaggo ta haye.

Malam Daudu ya sauko.

"Ka samu hoton?"

"Ban samu ba, Baba."

"Ka san ba za ta sake fitowa ba?"

"Na sani."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannayen Nuruddeen da suka ƙuƙƙuje.

"To, ka ce wa baffanka ya dawo."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Kazaure. Da za a kai amarya, Malam Daudu ya kama hannun Shahida.

"Je ki, na ba ki ga wanda zai tsaya miki ranar da tafiya ta yi wuya. Allah ya yi muku albarka, ya kawo ƙazantar ɗaki."

Shahida ta ce amin cikin kuka, amma a ƙarƙashin mayafi murmushi take.