Turmin Da Ya Yi Shiru

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wata yarinya mai ɗokin jin muryar Allah. Ta ce wa kakarta, "Kaka, yaya muryarsa take?"

Kakar ta ce, "Rage surutu, 'yar aku, ki kasa kunne."

Kullum da safe tana kasa kunne, ba ta jin komai sai carar zakara da dakan wata tsohuwa maƙwabciyarsu.

Ranar da za ta fara rera waƙa a majami'a, wajen wani ɗaurin aure, ta kasa kunne. Zakara ya yi cara, amma turmi shiru. Jama'a na ta wucewa ta ƙofar tsohuwar, ko mai leƙawa babu! Zuciyarta ta ce, "Shiga ki duba."

Ta shiga, ta tarar da tsohuwar kwance, jiki zafi, randa wayam. Ta ɗebo ruwa, ta dama mata kunu. Waƙa ta wuce ta.

Da yamma ta ce, "Kaka, har yau ban ji muryarsa ba."

Kakar ta yi dariya, ta rungume ta. "To wa ya aike ki gidan nan, 'yar aku?"