Abin da Bututu Ya Zuƙo

Da safiyar Laraba aka kwashi yaran Unguwar Rimi, can gefen Bunkure, zuwa asibiti da amai da gudawa. Kafin azahar 'yan sanda sun rufe Badamasi, mai kula da tankin burtsatse, don an ce ya bar mushe a ciki. Ko belinsa aka bayar ba shi da hanyar fita, iyayen yaran sun tare ƙofar caji ofis.

Kubra, ma'aikaciyar lafiya, ta zo da tsinkayen auduga. Ta bi bututun da ke kai ruwa daga tanki zuwa unguwa tana kwance shi gaɓa-gaɓa, tana goga auduga a cikinsa, kowane tsinke da kwalbarsa. A ɗakin gwaji ta shafa su a farantai ta rufe. Ƙwayoyin cuta in suka kwana cikin ɗumi fitowa suke ɗigo-ɗigo, kamar ƙauyukan da aka hango daga kan dutse.

Washegari farantin tanki ya fito fes. An zargi Turai mai waina don tana wanke-wanke a gindin famfo, amma bayan kan famfon ya fi cikinsa tsabta. Farantin da ya cika maƙil na gaɓar da ta ratsa gefen gonar Sunusi ne, inda ba mai sha.

Kubra ta same shi tsugune a gaban irin tumatirinsa, ganye shar, alhali an rufe kanal ɗin da suke ban-ruwa da shi ana yashe shi.

"Baba Sunusi, da me kake ban-ruwa?"

"Da ikon Allah, 'yata."

"Ikon Allah har da tiyo?"

Ta ja robar daga ƙarƙashin ƙasa. Baki ɗaya na manne da bututun sha, ɗayan na nutse cikin duron da yake jiƙa kashin kaji don ciyar da iri.

Ya ce shi ɗiba kawai ya yi, bai zuba komai ba. Ta ce in rana ta faɗi injin sola mai tura ruwa tanki ya tsaya, tanki ya ƙafe, ragowar ruwan da ke gangarawa unguwa yakan zuƙo duk abin da ke bayansa. Daga duronsa bututun yake sha.

Sunusi ya kalli duron. Ya tambaya ko iyayen yaran na nan a ƙofar caji ofis. Ta ce suna nan.

Ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Mu je ta baya. Su buɗe wa Badamasi, ni su rufe ni kafin unguwa ta ji."