Ranar da Barira Ba Ta Ji Girgizar Sama Ba

A wata makaranta can gefen wani gari, an yi wata yarinya mai saurin fushi, sunanta Barira. Ran nan Malama Sahura ta shigo aji da babban zane da duwatsu biyu. Ta ce, "Idan manyan taurari biyu suka yi ta zagaya juna har suka yi karo, sararin samaniya kansa yakan girgiza kamar zanen nan. Kafin girgizar ta iso gare mu ta yi rauni ƙwarai, shi ya sa masana ke son kai na'urorin aunawa can sama, inda motsin ƙasa ba zai dame su ba."

Yara suka riƙe bakin zanen, aka ba Tanko duwatsun ya riƙa juyawa a tsakiya. Barira kuwa aka sa ta can ƙarshe.

"Malama, ni ce a ƙarshe? Ai na fi Tanko ƙoƙari!"

"Riƙe, ki rufe ido, ki natsu."

Barira ta riƙe tana huci, hannunta na rawa. Wannan ya ce, "Na ji!" Waccan ta ce, "Na ji!" Barira ta fizgi zanen, duwatsun suka zube.

"Ƙarya kuke yi! Ba abin da ya motsa!"

Aka sake. Ta riƙe tana huci, rawar hannunta ta hana ta jin motsin zanen, har aka kaɗa ƙararrawa.

A bakin ƙofa Tanko ya ce, "Barira, ke yaya kika ji girgizar?"

Ta buɗe baki za ta daka masa tsawa, sai ta ga duk ajin ita kaɗai ce ba ta da abin faɗi.